Jirgin Ƙasa a Gonar Inna Mero

Duk faɗin Birnin Kudu babu layin dogo ko na tsawon tabarma, amma muna da Ƙungiyar Masoya Jirgin Ƙasa, kuma mai dariya ya yi abarsa, mun saba. Kowace Asabar bayan la'asar muna taruwa a rumfar ƙofar gidan Alhaji Mika'ilu, mu baje tsofaffin hotuna, mu yi ta musun wane kan jirgi ya fi wane daɗin jiniya har a kira magariba. Ni Abdurra'uf, malamin firamare ne, aikina a ƙungiyar kawo ruwan sanyi da raba faɗa.

Alhaji Mika'ilu ne shugabanmu, kuma ba don furfura kaɗai ba. Tun yana saurayi ya fara da zuba kwal a wutar jirgi, ya gama yana direba, ya fi shekara talatin a reluwe. Sai Hajiya Zuwaira, wadda aka haifa a kwatas ɗin ma'aikata lokacin da mahaifinta yake shugaban tasha. Ita kam in ta sa ka gaba, gara ka tuna kana da wani uzuri a gida. Sannan akwai Bahauddeen.

Bahauddeen yana da shagon hoto a Gwaram, inda yake ɗaukar fasfo da hotunan 'yan makaranta. Amma in ka saurare shi a rumfa, sai ka rantse shi ya koya wa duniya ɗaukar hoton jirgi. Yana da kyamara mai dogon baki da ba ya cire ta daga wuya ko zai ci tuwo, da wata riga mai aljihu rututu wadda ba mu taɓa ganin ya fitar da komai daga ciki ba sai gyaɗa. A faɗarsa, daga jin jiniya kawai yana iya gaya maka ko siminti jirgi ya ɗauko ko shanu.

Ciwonsa ɗaya ne: kalanda. Muna cikin wani zauren WhatsApp tare da masoya jirgi na Zariya da Kano da Kafancan, kuma duk ƙarshen shekara ana zaɓen hoto ɗaya a buga a kalandar zauren, da sunan wanda ya ɗauka a ƙasa ɓaro-ɓaro. Sharaɗin ba ɓoyayye ba ne. Dole jirgin ya kasance yana tafiya, in mai kwal ne kuma yana hayaƙi. Kan jirgin da ke tsaye shiru gawa muke ce masa, kuma ba a buga gawa. Mutanen Zariya sun yi kaka-gida a kalandar nan, har suna kiran mu 'yan tashar mota. Bahauddeen ba abin da yake so a duniya kamar ya ga sunansa a ƙasan hoton nan, kuma wallahi ni kaina wani lokaci tausayi yake ba ni.

"Bara wutsiyar jirgi ka kawo mana," in ji Hajiya Zuwaira wata Asabar. "Waccan shekarar kuwa saniya."

"Saniyar ce ta shigo gaba, Hajiya. Jirgin yana bayanta."

"To ai da sai a buga saniyar, a rubuta a ƙasa: a yi haƙuri, jirgin yana baya."

Aka kwashe da dariya. Bahauddeen ya miƙe, ya gyara zaman kyamara a ƙirji.

"Ku yi dariyarku. Bana, in sha Allahu, sunana ne a ƙasan kalanda. Kuma ba mai man dizal zan kawo ba. Mai kwal zan kawo, da hayaƙinsa baƙi ƙirin!"

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau. "Daga wane kabari za ka tono shi, ɗan nan? Rabon da na ga mai kwal da rai tun gemuna yana baƙi."

Ashe Allah ya ji Bahauddeen. Ana cikin kaka, dawa ta yi tsayi ta fi mutum, sai ga wayarsa da hantsi yana haki kamar an biyo shi.

"Malam Abdurra'uf, ɗauko Alhaji da Hajiya ku taho Gwaram yanzu-yanzu! Jirgi ya zo!"

"Wane jirgi? Ka sha maganin zazzaɓinka kuwa?"

"Ka zo ka gani da idonka!"

Muka shiga bas muka tafi. A bayan gari, ta wajen hanyar Basirka, a kan wani ɗan tudu, sai ga tirela mai shimfiɗaɗɗen baya tsaye a gefen titi. A bayanta, ɗaure da sarƙoƙi, ga ƙaramin kan jirgi mai kwal, irin wanda ake jan taragu da shi a cikin tasha, ya yi tsatsa ja wur amma bututunsa na nan tsaye da ƙafafunsa cif. Wani ɗan gwangwan ne na Kano ya saye shi a wata tsohuwar ma'aikata can gabas, za a kai a yanka shi a narkar. Motar ce ta lalace a nan.

Alhaji ya matsa ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ya daɗe a haka, sai da na ga idonsa ya ciko. Hajiya kanta ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Bahauddeen ne kaɗai bakinsa bai tsaya ba.

Direban motar, wani siririn mutum mai suna Bappa, yana zaune a inuwa da wani ƙarfe da ya kwance daga injin a naɗe cikin tsumma.

"Sannu da hanya, direba," in ji Bahauddeen. "Ka san abin da ka ɗauko kuwa?"

"Ƙarfe."

"Tarihi ka ɗauko!"

"To tarihin nan ya ƙona min famfon mai. Ku yi kallonku, Malam, ku yi hotonku, ni zan hau acaɓa in kai wannan Birnin Kudu a duba min. Abu ɗaya: kun ga duwatsun nan da na yi weji da su a tayu? Ko kaza kada ta taɓa su."

"Haba direba, da wa kake magana? Mu ma'abota sufuri ne."

Ƙurar babur ɗin Bappa ba ta gama kwantawa ba Bahauddeen ya tara mu ya zayyana shirinsa. Za a hura wuta a cikin jirgin, hayaƙi ya fito ta bututu. Shi zai tsaya can ƙasa a gefen gona, inda dawa za ta rufe tayun tirela, ya zama ba abin da ake gani sai jirgi yana ratsa gonaki.

"Wannan ai ha'inci ne," na ce.

"Jirgi ne ko ba jirgi ba? Hayaƙi ne ko ba hayaƙi ba? Ina ha'incin?"

Na dubi Alhaji don ya tsawata. Sai na ga yana kallon bututun. "Ni dai," ya ce a hankali, "da zan ga ya yi numfashi sau ɗaya kafin su yanka shi, da na ji daɗi." Shi ke nan, na san mun shiga uku.

Ranar kasuwa ce. Kafin mu tara ciyawa, duk mai wucewa ya tsaya. 'Yan acaɓa suka jera baburansu, mata masu komawa Basirka suka sauke kaya, wata ta ga taro ta dasa kaskon awara a gindin tsamiya. Bahauddeen ya shiga korar mutane da hannu biyu.

"Ku matsa! Ku fita daga hotona! Kai mai jar hula, kanka ya tare tukunyar jirgin!"

"Titin na babanka ne?" in ji mai jar hula.

"Yau dai tasha ce, kuma ni ne mai ita!"

Kalmar tasha kuwa kamar ya watsa wa kaji tsaba. Nan da nan labari ya shiga kasuwa cewa gwamnati ta kawo jirgin ƙasa Gwaram. Can sai ga wani dattijo daga Fagam, Malam Balarabe, janye da bunsuru, yana tambayar inda ake yankar tikitin Kano.

"Baba, ba tafiya zai yi ba," na ce masa.

"To me ya kawo shi?"

"Hoto za a ɗauka."

"Yaro, na girme wa wannan maganar. Ana so a cika shi da 'yan gari ne a bar mu na ƙauye." Ya ɗaure bunsurunsa a jikin sarƙar tirela ya zauna jiran layi.

Aka hura wutar farko da busasshiyar ciyawa a cikin ɗakin direba, inda ake zuba kwal. Wani siririn farin hayaƙi ya leƙo ta taga.

"Madalla," in ji Hajiya. "A ɗora shayi."

Bahauddeen ya sa aka kawo ɗanyen ganye da ɓuntun shinkafa ya danna a kai. Hayaƙi ya turnuƙe, ya fito ta taga, ta ƙofa, ta ramukan tsatsa, ta ƙarƙashi, ta ko'ina ban da bututu. Ƙadangaru suka yi ta tsalle suna ficewa. Shi kansa ya faɗo waje yana tari, idanu jajur, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Da gangan na yi," ya ce da ya samu numfashi. "Ana fara gasa injin ne tukuna."

Alhaji ya nuna masa wata ƙofa zagayayya a goshin jirgin. In ana son hayaƙi ba tururi, in ji shi, a nan za a hura, daidai ƙarƙashin bututu. Bahauddeen ya ce ai dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Aka ɓalle ƙofar da ƙyar, aka roƙo tsofaffin tayun babur a wurin mai faci, aka ce ni ne mai fifita. Ni da na zo raba faɗa, sai ga ni tsugune a kan tirela da murfin kwali a hannu.

Bahauddeen ya sauka gona ya leƙa ta kyamara, ya durƙusa, ya kwanta rub da ciki, ya tashi yana girgiza kai. Dawar wurin gajera ce, tayun tirela duk a waje, har da rubutun da ke jikin motar. Sai can gaba kaɗan, inda titin ya fara gangarawa, dawar ta yi tsayi sosai, ga rana kuma ta bayan mai ɗauka.

"Sai an matsar da ita," ya ce.

"Direba ya ce kada a taɓa weji," na tuna masa.

"Direba ya san haske? Ɗan gusawa kawai za ta yi, a mayar da duwatsun. Kuma ka manta sharaɗi? Sai yana tafiya. In ta motsa ina ɗauka, wa zai ce min gawa?"

'Yan acaɓa suka ce za su tura in za a sa su a hoto. Ya yi musu alkawari da bakin da bai da niyyar cikawa. Sai wani ya tambaya wa zai riƙe motar.

Bahauddeen ya yi wata dariya ta raini. "Kuna tare da wa? Ga mutumin da ya ja taragu ashirin daga Kudu har Arewa, ruwa da iska. Tirela ɗaya ce za ta gagare shi? Duk ƙasar nan akwai direban da ya kai Alhaji Mika'ilu?"

Taro ya ɗauki sowa. Na ga Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi jama'a, ya dubi Hajiya, ya rufe. Ya gyara hula, ya tattare babbar riga, aka tallafa masa ya hau. Mu duka, masana jirgi, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abu ɗaya da kowane yaron mota ya sani. Kai, ni har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni.

"Ku saurara," Bahauddeen ya ce wa 'yan acaɓa. "Ba na son ihu, ba na son tambaya. Idonku a kan bututu. Da kun ga baƙin hayaƙi ya tashi, ku janye duwatsu ku tura. Kun ji?"

"Mun ji, Oga!"

Na cinna wa tayu wuta, na yi ta fifita. Wuta ta kama, wari ya tashi, amma hayaƙin sai ya dawo fuskata. Bututu ko alama.

"A toshe yake!" na yi kira ina tari. "Sheƙar tsuntsaye ce cike da shi!"

Bahauddeen ya yi tsaki, ya fizgi gorar wani mai tallan rake. A karo na farko tun da na san shi ya cire kyamara daga wuya, ya miƙa wa Hajiya Zuwaira.

"Riƙe min, Hajiya. Ki tsaya nan daidai inda na tsaya, kada wani ya ƙwace min wuri. Don Allah kada ki taɓa komai, ba irin wayarki ba ce."

"To, Malam gwani."

Ya haye tirela, ya haye jirgi, ya zauna a kan tukunyar kamar mai hawan jaki, ya zura gora cikin bututu ya shiga zungura. Ya zungura, ya zungura, ya leƙa da ido ɗaya don ya ga ko ta buɗe. A daidai nan ta buɗe. Sheƙa da toka da ƙurar shekaru suka rufta ciki, wani baƙin hayaƙi mai kauri ya yi sama ya bugi fuskarsa ya wuce.

'Yan acaɓa mutane ne masu cika umarni. Suka janye duwatsu, suka ce "Ya Allah!", suka tura.

Da farko a hankali ta motsa, har mutane suna tafi. Malam Balarabe ya zabura ya kwance bunsurunsa yana cewa ai dama ya faɗa, za a tafi a bar su. Ni da na ji ƙasa tana tafiya, na yar da kwali na diro. Sai tirela ta samu gangara, ta ƙwace daga hannun masu turi, masu duwatsu suka bi ta a guje ba su cim mata ba.

"Ku tsaya! Ban sauka ba!" Bahauddeen ya ƙwala ihu, ya rungume bututu da hannu biyu. "Ba yanzu ba! Alhaji, birki!"

Alhaji ya leƙo ta taga, gwiwar hannu a waje, yadda direbobin jirgi suke yi. Ina gudu a gefensa.

"Abdurra'uf! Ina hannun birkin abin nan?"

"A ƙafa yake, Alhaji! Taka!"

"Wane mahaukaci ne ya sa birki a ƙafa?"

Ya taka wani abu, ba abin da ya faru. Ya taka wani, motar ta ce fus, ta ci gaba da tafiyarta. Sai ya samu hon. Wannan kam ya san aikinsa. Ya danna shi dogo, ya saki, ya ƙara dannawa, irin na jirgin da zai shiga tasha, har na ga yana gyaɗa kai.

A ƙasan gangarar titin ya yi kwana zuwa hagu.

"Alhaji, kwana! Juya sitiyari!"

"In juya me?"

"Sitiyari! Abin da ke gabanka!"

"Ba aikina ba ne!" ya daka min tsawa. "Aikin mai canza layi ne! Ni ban taɓa juya komai ba a rayuwata!"

Sai a lokacin abin ya faɗo mana gaba ɗaya: jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Mutumin da ya fi shekara talatin yana tuƙi ko keke bai taɓa karkatarwa ba. Titi ya yi hagu, Alhaji ya miƙe sak.

Tirela ta sauka daga kwalta, ta kutsa cikin dawa. Abin da muka gani daga nan, wallahi ba zan manta ba. Kan motar ya shige bayan wata kuka, tayu sun nutse cikin ganye, ba abin da ya rage a ido sai jirgi mai kwal yana keta gona, baƙin hayaƙi ya kwanta a bayansa, rana ta haske jikinsa, hon yana tashi. Tsofaffi suka yi ta salati. A samansa kuwa ga Bahauddeen, baƙi ƙirin in ban da idanu da haƙora, hula ta tafi, baki a wangale, yana sakin bututu da hannu ɗaya yana kamawa da ɗaya saboda zafi, gyaɗa tana zuba daga aljihunsa.

Bayan dawar fadama ce. Tirela ta shiga gonar shinkafa, taɓo ya kama ta har ciki, ta yi wata ajiyar zuciya ta tsaya. Bahauddeen bai tsaya tare da ita ba. Ya sulmiyo ta gefe ya faɗa taɓo da zaune.

Muka iso da gudu, rabin kasuwa a bayanmu. Alhaji ya buɗe ƙofa, ya sauko da natsuwa, ya karkaɗe riga.

"Ba wanda ya ji ciwo?" ya tambaya. "To alhamdu lillahi. Ban taɓa kayar da jirgi ba, yau ma ban kayar ba."

Mai gonar, Inna Mero, wata tsohuwa gajera, ta ratso taro da lauje a hannu. Ta dubi jirgi, ta dubi hanyar da ya share a cikin shinkafarta, ta dubi abin da ke zaune a taɓo.

"Wannan mutum ne ko tukunya?"

"Bahauddeen ne, Inna, mai hoto," aka ce mata.

"Ɗan gidan Ummu Salma? Kai ne ka ɗauke ni hoton katin zaɓe na fito kamar an tashe ni daga barci, yau kuma ka kawo min tasha cikin gona?"

"Inna, tsautsayi ne. Lissafina daidai yake, mutane ne suka..."

"Rufe min baki! Shinkafar da ta rage, kai da wannan tsohon da malamin nan ku za ku yanke ta, ku ɗaure, ku kai min gida. Ko ɗan ƙwadagon da za ku turo ban yarda ba."

Malam Balarabe ya iso da bunsurunsa yana haki, ya leƙa ɗakin direba ya tambaya ko nan ne tashar farko. Ana cikin haka sai ga Bappa a bayan acaɓa da ƙarfensa a hannu. Ya tsaya inda ya bar mota, ya ga duwatsu huɗu a zube. Ya bi sawun taya da ido har fadama. Abin da ya faɗa ba zai rubutu ba, amma ya haɗa da ma'abota sufuri da kakanninsu. Sai da aka nemo taraktoci aka yini ana ja kafin motar ta fito, mu kuma muka yi kwanaki muna sunkuye a gonar Inna Mero, tana zaune a inuwa tana gyara mana riƙon lauje.

Asabar ta zagayo. Bahauddeen ya zo rumfa a makare, tafin hannu naɗe da bandeji, ba ya haɗa ido da kowa. Ba a ce masa komai ba, don Alhaji ya hana. Hajiya Zuwaira ta zaro wani babban hoto daga jaka ta shimfiɗa a tabarma.

"Ka ce kada in taɓa komai," ta ce. "To yatsana ne ya zame."

Muka sunkuya a kai. Jama'a, hoto ne! Ba taya, ba tirela, ba kan mutum ko ɗaya a gaba. Jirgi ya taho ta kusurwa, dawa ta dare masa, hayaƙi ya cika rabin sama. Kuma a tsakiya, fes, yadda ko daga ƙofar shago za a gane shi, ga Bahauddeen rungume da bututu yana kiran uwarsa.

Hajiya ta riga ta tura shi zauren. Mutanen Zariya sun yi ta ƙorafi cewa a kan mota yake, aka tambaye su: yana tafiya ko ba ya tafiya, yana hayaƙi ko ba ya yi? Dole suka haƙura. Kano da Kafancan duk sun zaɓe shi. Abu ɗaya ya rage. A dokar zauren ba a buga fuskar mutum sai da yardarsa.

"Magana tana hannunka, ɗan nan," in ji Alhaji. "In ka ce a'a, ba mai ganin laifinka, Zariya su sake ɗauka. In ka ce e, shekara guda kana rataye a bangon mutane a haka, sunan Hajiya a ƙasa."

"Kyamarata ce fa," ya ce da ƙaramar murya.

"Yatsana ne," in ji Hajiya.

"Ni na zaɓi wurin tsayawa. Ni na auna rana."

"Ka auna. Sai dai lokacin da ranar ta zo kana sama kana ihu."

Ya ɗauki hoton da hannayensa masu bandeji, ya matsar da shi nesa, ya kawo kusa. Muna jira ya yage shi. Ya daɗe yana kallo, kuma na lura ba fuskarsa yake kallo ba.

"Ku dubi yadda ya kwanta," ya ce a hankali. "Alhaji, tsakani da Allah, a zamaninku kun taɓa fitar da irin wannan hayaƙin?"

Alhaji ya gyara tabarau ya duba da gaske. "Ban taɓa ba," ya ce.

Bahauddeen ya ajiye hoton, ya ja dogon numfashi, ƙirjin nan ya fara dawowa wurinsa.

"A buga. Amma da sharaɗi ɗaya, kuma ba na ragi."

Kalandar tana rataye a ajinmu yanzu haka, da shagon mai faci, da ɗakin Inna Mero. A ƙasan hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: Hoto, Hajiya Zuwaira, Birnin Kudu. A ƙarƙashinsa kuma, da baƙaƙen da ya tsaya a kan mai bugawa sai da aka yi su daidai girman na Hajiya: Hayaƙi, Bahauddeen, Gwaram.